Sunayen da Rumbu Ya Ƙi Karɓa

Litinin, tara da kwata na safe

Na buɗe shago ni kaɗai yau. Kwana huɗu ke nan rabon da a ɗaga ƙofar nan, tun ranar Alhamis da Baba ya faɗi a bayan kanta aka wuce da shi asibiti. Kujerarsa tana nan yadda aka ture ta. Na miƙar da ita, na share ƙasa, na zubar da shayin da ya bari a kofi. Zancen Alhamis ya tsaya nan.

Abin da ya sa na ɗauko biro daban ne. Ina kunna kwamfuta sai ga jan rubutu a kusurwa, wai kwafin ajiya bai yiwu ba. Na duba baya, ashe ba yau ta fara faɗa ba. Sati bakwai ke nan kullum tana kuka, ni kuma kullum ina kashe mata baki ba tare da na karanta ba.

Rumbu muke ce masa. Faifan ajiya ne na waje, ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanki ba, da waya ɗaya da ke haɗa shi da kwamfuta. Baba ne ya raɗa masa sunan, ya ce tunda nan ake zuba abin da aka tara. Duk yamma ƙarfe biyar kwamfuta ke kwafe abin da ke cikinta ta juye masa. Ni na tsara haka, kuma shekara uku bai taɓa ba ni kunya ba.

Hotunan shekara arba'in da ɗaya ne a ciki, duk wanda Baba ya taɓa ɗauka tun yana yawo da kyamara a wuya. Wata takwas na yi ina musu sikanin, ina shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Bara waccan rufin ɗakin baya ya yi yoyo, nagatif ɗin, wato fim ɗin da ake wanke hotunan daga shi, suka manne da juna suka ruɓe. Don haka wuri biyu kawai suka rage a duniya, cikin kwamfutar nan da cikin rumbu.

Ƙaramin abu ne. Kafin azahar zan gyara shi, na san aikina.

Litinin, shida na yamma

Ban gyara ba, masu hoton fasfo suka cinye mini rana. Na je asibiti wurin Baba. Yana kallon mutum sosai. Yaya ta ce ya sha ruwa cokali uku.

Talata, sha ɗaya na safe

Na canja waya. Na canja ramin da ake soka ta, daga na gaba zuwa na baya. Na hure ƙura, na kashe na kunna. Rumbu yana haska fitilarsa lafiya lau, yana ɗan kaɗawa a tafin hannu kamar kyanwa mai barci. Na sa kwafi da kaina ban jira biyar ba. Ya tashi da gudu, kashi goma, talatin, hamsin, sai da ya kai sittin da biyu cikin ɗari ya ƙame. Bayan minti goma jan rubutu ya dawo.

Injiniya ya leƙo, mai gyaran kwamfuta da waya na tsallaken titi. Injiniya dai sunan da ya ba kansa ne, ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. Ya tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi. Sai idonsa ya faɗa kan allo.

"'Yar mai hoto, in duba miki ne?"

"Mai hoto dai. Kuma a'a, na gode. Jeka ka ji da wayoyin mutane da ka tara."

"Ni dai na yi tayi."

"Na ji, Allah ya saka."

Tun ina 'yar shekara goma yake kirana 'yar mai hoto. Yanzu shekara tara ni ke ɗaukar hoto a shagon nan, Baba sai zama da ba da labari, amma bakin mutumin nan bai koyi sabon abu ba.

Laraba, biyar da rabi na yamma

Sittin da biyu.

Alhamis, goma na safe

Na gano shi. Rumbu ya cika da tarkacen tsofaffin kwafi, shekara uku ana zubawa ba a kwashewa, dole wani abu ya cuɗe a ciki. Maganinsa a wanke shi tas a fara sabo. Kwamfuta ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, wai duk abin da ke ciki zai tafi. Na tabbata mana. Asalin hotunan ai suna nan cikinta daram, kwafi kawai zan sake. Minti biyu aka gama, rumbu ya koma fanko kamar ranar da aka sayo shi. Na sa kwafi, zan je in dawo in tarar da koren rubutu.

Sati ɗaya yau.

Juma'a, takwas da rabi na safe

Sittin da biyu. Kuma da ya kasa sai ya kwashe abin da ya fara zubawa, haka tsarinsa yake, ba ya ajiye rabin aiki.

Na zauna na lissafa a hankali. Jiya da safe hotunan Baba suna wuri biyu. Yau suna wuri ɗaya. Ba ruwan sama, ba ɓarawo, ni ce da yatsana.

Ina zaune sai na ji wani ɗan sauti daga cikin kwamfutar. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa gilashi da farce. Ya yi shiru, ya sake. Na kashe fanka don in tabbatar. Daga cikinta ne. Na san ma'anar wannan sautin, duk wanda ya daɗe da kwamfuta ya sani: faifan cikinta ya fara gajiya.

Ba zan gaya wa Yaya ba. Ba don tsoro ba, tana da abin da ya ishe ta. Kuma zan gyara kafin kowa ya sani.

Asabar, bakwai na yamma

Likita ya kira mu ofishinsa ni da Yaya, kan maganar Baba da ta ɗauke. Akwai kalanda a bangon, ta bara ce, ba wanda ya cire.

Litinin, sha biyu na rana

Yau kaina ya yi aiki. Na ce tunda manhajar kwafi ta zama gardamammiya, in bar ta, in ja folda-folda da hannuna in jefa a rumbu. Haka na yi tun bakwai na safe, ƙofa a rufe, na manna takarda cewa sai gobe.

Bukukuwa sun wuce. Makarantu sun wuce. Fasfo, 'yan ƙwallo, ma'aikata, jarirai, duk sun shige salin alin. Duk foldar da ta shiga sai in ja mata layi a takarda in ce saura. Kwamfuta tana ƙas ƙas ɗinta, ni ina lallashinta kamar tsohuwar mota a kan tudu. Sau biyu ta daskare na kashe na kunna.

Guda ɗaya ta ƙi. Sunanta Gida, hoto ɗari biyu da goma sha biyu. Hotunanmu ne, mu da Inna tun tana raye, da tsohon gidanmu, da Baba yana saurayi da gashi cunkus. Ina ja, tana cewa ba za a iya ba. Na sake, haka.

Ni na yi musu sikanin, na san lamba na sa musu, ɗaya, biyu, uku. Yanzu na ga ba lamba, rubutu ne a ƙarƙashin kowanne, allo yana nuna farkonsa sai ɗigo uku. "Innarsu a bakin…" "Babbarsu ranar da…" Ban tsaya karantawa ba, kwamfutar ta sake daskarewa.

Amma dubi inda aka kai. Daga dubu goma sha tara saura ɗari biyu da 'yan kai. Wa ya ce ban san aikina ba?

Talata, huɗu na yamma

Mun yi da Yaya a barandar asibiti, ƙasa-ƙasa don kada a ji.

"Auta, jiya ba ki zo ba."

"Aiki ne ya riƙe ni, Yaya."

"Wane aiki? An ce shago a rufe yake."

"Aikin Baba nake yi."

"Baba yana nan ciki. Ba ya cikin kwamfuta." Ta gyara mayafinta. "Duk wanda ya turo ƙofa sai Baba ya juya ido ya ga ko ke ce. Minti goma kike yi ki ce za ki je ki duba wani abu. Ni ma ba daɗi nake ji ba, amma ina zama."

Na ce mata ba ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, tun ina ƙarama in abu ya fi ƙarfina sai in nemi abin da zan gyara.

Na shiga na zauna. Na ba shi labarin wani da ya zo hoton fasfo ya ce in rage masa kunne. Gefen bakinsa na dama ya motsa. Mutumin da in ya fara labari sai shayi ya huce sau biyu. Na yi minti ashirin da biyar, na duba agogo.

Laraba, uku na rana

Na haɗiye girman kai na kira Injiniya. Ya shigo yana murmushin da na san zai yi, na ce in ya ce uffan zan fasa. Ya zauna a kujerata, ba ta Baba ba, wannan na hana. Bai yi minti biyar ba ya kwashe da dariya.

"Wa ya sa wa hotunan nan suna?"

"Me ya faru?"

"Wannan ai ba suna ba ne, wasiƙa ce. Kwamfuta tana da iyakar haruffan da take ɗauka, sunan hoto da na foldar da yake ciki duk a haɗe ake ƙirgawa. A nan sun shiga da ƙyar. Manhajarki kuwa in za ta zuba a rumbu sai ta ƙara nata sunayen a gaba, kwanan wata da su kaza, sai abin ya wuce iyaka ta tsaya. Ba waya ba ce, ba rumbu ba ne. Surutu ne ya yi yawa."

Ashe haka ne. Baba duk hoton da ya wanke sai ya juya bayansa ya rubuta wane ne, ina ne, me ya faru ranar. Ya sha cewa hoton da ba rubutu a bayansa maraya ne. Hoton kwamfuta ba shi da baya. Watanni biyu da suka wuce ya ce in nuna masa yadda ake canja suna, na nuna masa a tsaye ina sauri. Shi ke nan duk yamma in na tafi sai ya zauna da yatsa ɗaya.

Injiniya ya ce gyaran minti ɗaya ne, yana da 'yar manhaja da za ta mayar da su lamba. Daidai nan wayata ta yi ƙara, Yaya ce. Na ɗauka wani abu ne ya sami Baba, na nufi ƙofa ina ce wa Injiniya ya yi abin da ya dace. Ashe cewa za ta yi in taho da tawul.

Ina tsaye a waje maganar ta dawo mini. Lamba. Na shigo da gudu na ce tsaya! Ya ɗaga hannu sama. Ƙaramar folda ɗaya ya fara gwadawa, ta hotunan Inna kafin a haife mu. Goma sha tara. Suna nan lafiya, 001 zuwa 019. Na ce ya mayar. Ya kai hannu ke nan kwamfuta ta yi ƙas ta daskare, da aka kunna kuma babu abin mayarwa.

Ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce ba laifinsa ba ne, ni na ce ya yi. Ya fita sum-sum.

Na buɗe na bakwai. Inna ce tsaye kusa da wata mota, tana dariya tana nuna wani abu da ba ya cikin hoton. Sati biyu da suka wuce akwai mutum ɗaya da zai iya gaya mini abin da take nunawa, kuma ya rubuta, ya ajiye mini. Na yi kuka sosai, na rufe shago don kada mai fasfo ya shigo.

Alhamis, tara na safe

Ban kunna ta ba. Duk kunnawa ɗaya yana rage mata kwana. Saura ɗari da casa'in da uku, kuma ba wanda zai taɓa ko harafi ɗaya.

Juma'a, goma da rabi na safe

Injiniya ya riga ni zuwa, na tarar da shi a bakin ƙofa da jakar kayan aiki. Ya ce ya yi tunani. Da farko za a fitar da jerin sunayen duka a takarda ɗaya a buga. Sannan a zuba foldar a bakin ƙofar rumbu kai tsaye, ba cikin folda cikin folda ba, yadda sunayen za su sami wuri su shiga da tsawonsu.

Na ce to ai abin da nake shirin yi ke nan. Ya kalle ni, na kalle shi, muka bar zancen.

Na danna maɓalli. Ƙas, ƙas, ƙas, allo baƙi. Na sake. Baƙi. Sau huɗu.

Na riƙe bayan kujerar Baba. Injiniya ya kwance kwamfutar ya zaro faifan cikinta, ya naɗe shi a hankici kamar ƙwai, muka tsallaka titi tare. Ya haɗa shi da tasa kwamfutar, ya kunna masa fanka a kai. Muka jira. Wani ya zo karɓar waya, ya ce masa ya dawo gobe ko ya tafi da ita a kwance.

Can sai ga shi ya bayyana. Na ce sunaye tukuna, kafin hotuna. Firinta ta tofo shafi goma sha ɗaya. Na ninke su na sa a jaka ban duba ba.

Asabar, biyu na rana

Hotuna suna shiga rumbu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, wani ya ɗauki minti uku. Injiniya ya ce kada a matsa masa. Na zauna a bencinsa na buɗe takardun.

Muryarsa ce tsaf. Ba waƙafi, ba aya, yadda yake magana.

"Innarsu a bakin tagar tsohon gida tana fushi da ni don na ce ta tsaya hasken ya yi kyau alhali tukunya tana ƙonewa kuma ta ƙone ɗin"

"Babbarsu ranar da ta fara koyarwa ta sa takalmin da ya matse ta don kada a ce ba ta da tsayi ta dawo da shi a hannu"

Na yi dariya har Injiniya ya waiwayo. Na karanta masa biyu, shi ma ya yi.

Ɗari da casa'in da biyu suka shiga. Na ƙarshe ya ƙi, ya fi kowanne tsawo. Injiniya ya ce ko kalma ɗaya aka cire zai wuce. Na ce a'a, a rage sunan foldar. Ya mayar da Gida ta koma G kawai. Ya wuce.

Sai na nemo shi a shafi na ƙarshe. Ni ce, ina 'yar shekara bakwai, riƙe da tsohuwar kyamararsa.

"Auta ranar da ta fasa mini gilashin kyamara ta ce kyanwa ce na san ita ce ban ce komai ba don na ga yadda ta riƙe ta daidai tun ranar na san shagon nan ba zai rufe ba tana da ido ta fi ni ido sai dai in an yi mata gyara sai ta"

Nan ya tsaya. Kwamfuta ta ƙi karɓar ƙari.

Shekara ashirin da shida ina zaton kyanwar nan ta rufa mini asiri.

Injiniya ya miƙo mini rumbu da hannu biyu. Ya ce, "Mai hoto, ki sayi na biyu. Kuma in kin ga jan rubutu ki karanta." Na ce na ji. Ban ma yi gardama ba, a rubuta wannan a tarihi.

Lahadi, biyar na yamma

Tun goma na safe nake can, yanzu na shigo gida.

Na fara gaya masa na goma sha tara ɗin, don ba zan iya zama da shi a ciki ba. Na ce Baba na yi maka ɓarna, na faɗi yadda aka yi ban rage ba. Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya buɗe tafin hannunsa na dama a kan bargo, na sa nawa.

Na karanta masa shafi goma sha ɗayan nan duka. Yaya tana ta goge ido tana cewa ƙarya ne, takalmin bai matse ta ba. Da na zo na ƙarshe na karanta har inda ya yanke, na ɗago.

"Sai ta me, Baba? Ba ka ƙarasa ba."

Ya dube ni. Ya yi ƙoƙari, maƙogwaronsa ya motsa, ba abin da ya fito. Na ce a bari, ba komai. Sai ya tattara gefen fuskarsa mai aiki, ya turo baki gaba, ya kawar da kai gefe yana hararar bango.

Yaya ta faɗi kan gado don dariya. "Wallahi ke ce! Auta, ke ce sak!" Har nas ta leƙo ta ce mu rage murya. Na ce ni ba haka nake yi ba. Yaya ta ce ga shi kina yi yanzu.

Kyamara tana jakata. Na ce Baba sake yi, hasken ya yi kyau. Ya sake.

Litinin, biyar da minti goma na yamma

Sabon faifai a kwamfuta, rumbu biyu a kan tebur. Koren rubutu, ɗari bisa ɗari.

Na juye hoton jiya na zauna sa masa suna. Na rubuta ɗakin, da ranar, da abin da Yaya ta ce, da yadda ya riƙe hannuna. Ban kai rabin abin da nake son faɗa ba kwamfuta ta tsayar da ni. Na bar shi yadda ya yanke.

Na rufe shago da wuri. Sauran zan je in faɗa masa da baki.